Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Shari'a Kan Lauyoyin Sa-kai

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni mai sayar da katako ne a kasuwar Dei-Dei. Ɗan abin da na sani game da shari'a a kan bencin kotu na koye shi, cikin wata bakwai da ɗan yayata ya yi a tsare.

Keke Napep yaron yake tuƙawa. Faɗa ya kaure a tasha, aka yi kamen kan mai uwa da wabi, aka haɗa da shi. An rubuta masa jawabi da Turancin da ba ya iya karantawa, ya dangwala yatsa. Kotu ta ba da beli, amma sai babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili a Abuja ya tsaya masa. Mu da muke zaman haya, ina muka ga wannan? Lauyan da muka fara zuwa wurinsa ya yanka kuɗin da ko an sayar da keken ba zai biya ba, keken ma na mai shi ne.

Wata matashiyar lauya ce ta tsinci sunansa ranar da ta kai ziyara gidan gyaran hali. Ta nemi kotu ta sassauta sharuɗɗan belin, aka sassauta. Ta kuma nuna wa alƙali cewa mai ƙara bai taɓa leƙo kotun ba, daga baya aka kori shari'ar. Kuɗin mota, kuɗin buga takardu, duk daga jakarta. Da na kai mata ɗan abin shan ruwa, sai ta ce: "Baba, riƙe, ka saya masa magani." Ai kuwa da ƙazuwa ya fito.

Ranka ya daɗe, doka ba ta manta da mu ba, a takarda dai. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na da nisa. Tun 1976 aka kafa hukumar ba talaka lauya kyauta, hedikwatarta na nan Abuja. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Amma mafi yawan mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba hukunci aka yanke musu ba. Ni kaina ban ji labarin hukumar nan ba sai daga bakin lauyar. A layinmu na 'yan katako na tambaya, ba wanda ya sani.

Abin da na fi roƙonka shi ne lauyan sa-kai ya riski mutum tun a ofishin 'yan sanda, kafin a dangwala. Da an yi mana haka, da wata bakwai ɗin nan bai wuce kwana biyu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsarin lauya mai jiran aiki a caji ofis yana nan, a ƙarfafa shi a Zuba, Kubwa, Gwagwa da Nyanya, inda talakawan birnin suke kwana, a kuma sa masu jin Hausa a ciki.

Sannan a daina barin mai taimako yana asara. Dokar ba da taimakon lauya ta 2011 ta sa mai neman muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, ya nuna shari'o'in da ya yi kyauta, madalla. To ƙaramin lauya fa, wanda shi ne yake hawa motar haya zuwa Kuje ko Gwagwalada? A yafe masa kuɗin shigar da takardu, a mayar masa da kuɗin mota. Ba albashi na ce ba.

Sai sanarwa. A faɗa a rediyo da Hausa, a kai wa limamai da shugabannin kasuwa lambar da za a kira. Yayata tana riƙe da lambar lauyar nan a bayan wata takardar asibiti, maƙwabta uku sun riga sun kwafa.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
wani ɗan kasuwa daga Dei-Dei, Abuja.