A bar shataletalen biranenmu su tuna mana da dajin da ke ƙarewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in jawo hankalin hukumomin raya birane kan abubuwan da ake girkewa a tsakiyar shataletale. Tulu da ƙwarya da kakaki na siminti suna da kyau, amma ba su gaya wa mai wucewa komai game da itatuwa da namun dajin da ke ɓacewa a gaban idonmu.

A hamadar Tenere ta Nijar an yi wata bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai, wadda ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma ke saita hanya da ita, kuma madugai ba sa yarda a karya reshenta ko don dafa shayi. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, an tarar saiwoyinta sun gangara fiye da mita 30 suna neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Aka kai gangar jikinta gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa wata ta ƙarfe a gurbinta, kuma har yau matafiyin da ya iso wurin sai ya tambayi labarinta. Wannan tambayar nake so yaranmu su riƙa yi a cikin gari.

Ungulu, wadda a da take cika rufin kowace kwata, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen sassanta don haɗa magani. Raƙuman dawan Kure, wani yanki kusa da Yamai, kuwa sun ragu zuwa 49 a 1996, sai da mutanen yankin suka tsaya musu kafin suka haura 600.

Na san da yawa daga cikinmu ba za su amince da mutum-mutumin abu mai rai ba, saboda hukuncin addini, kuma ina girmama wannan. Akwai mafita. Maƙeranmu da masu walda za su iya ƙera kuka ko gawo ko ɗorawa da tsohon ƙarfe, a zuba sawun giwar Yankari a siminti daidai girmansa, a ɗora sheƙar ungulu wadda babu kowa a ciki. A gefe a kafa allo da Hausar boko da ajami mai bayyana sunan halittar, inda take rayuwa, da abin da ke kashe ta.

Ina roƙon duk hukumar da ta karɓi shawarar nan ta dasa itatuwa masu rai na gida kusa da na ƙarfen, ta kuma ware kuɗin mai ban ruwa tun daga ranar da aka ba da kwangilar.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Damagaram