A shirya motar da za ta kwashi fasinja tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin mu ja hankalin hukumomi kan wani ɓangare na aikin layin dogo da ba a cika waiwayarsa ba. Duk sa'ad da manyan jami'ai suka kai ziyara wurin aikin layin Kaduna zuwa Kano ko na Kano zuwa Maraɗi, abin da ake shaida mana shi ne kashi nawa cikin ɗari aka kammala da kuma yaushe za a buɗe. Ba mu cika jin an ce ga yadda mutumin Kurna ko Hotoro zai bar gidansa ya isa tasha a kan lokaci ba, ko yadda wanda ya sauka da magariba da buhu biyu da yara uku zai kai gida. Wannan aikin ba na ɗan kwangilar da ke shimfiɗa ƙarfe ba ne, na gwamnatocin jihohi ne, kuma yanzu ne lokacinsa.

Layin Abuja zuwa Kaduna ya isa darasi. An buɗe shi a watan Yulin 2016, tsawonsa kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa. Tashoshin nan biyu duk a gefen gari suke, kuma ba kuskuren injiniya ba ne. Sabon layi mai gudu ba ya son kwana mai kaifi, yana buƙatar fili miƙaƙƙe, kuma kuɗin diyyar gidajen da za a rushe kafin a shigo da shi tsakiyar birni ya isa ya cinye kasafin aikin. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 bai gamu da wannan matsala ba, domin fili aka samu a bayan ganuwa aka kafa tasha, kasuwanni da unguwanni suka taso a kewayenta. Yau kuwa gari ya riga ya cika, jirgi ne baƙo. Sakamakon shi ne fasinja ya yi tafiyar awa biyu da 'yan kai cikin sanyi da kwanciyar hankali, sannan ya ƙare da ciniki da direba a bakin ƙofa, wani lokaci kuɗin motar shiga gari ya kusa kai na tikitin, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Ga lissafi mai sauƙi. A ɗauka jirgi ya sauke mutum 600 a lokaci guda. A ce kashi ɗaya cikin uku 'yan uwa sun zo ɗaukarsu, saura 400. Adaidaita sahu ba ta ɗaukar fiye da mutum uku idan akwai kaya, ke nan ana buƙatar sama da guda 130. Kowace ta ci kusan mita uku na titi, jerinsu ya doshi mita 400, kuma duk a cikin minti goma sha biyar suke son fita ta ƙofa ɗaya, ga motocin masu tarbar baƙi, ga waɗanda suka kawo masu tafiya. Cunkoson da ake gani a bakin tasha daga nan yake, ba daga rashin tarbiyyar direbobi ba. Babbar bas mai cin mutum 50 kuwa guda takwas sun kwashe jama'ar nan, a filin da bai wuce mita ɗari da 'yan kai ba.

To amma sayen bas shi ne mafi sauƙin aikin, kuma mun sha ganin an jera su an yanka kyalle, bayan shekara biyu suna kwance babu taya. Abin da ke sa irin wannan tsari ya rayu shi ne yadda ake biyan mai motar. Direban haya na yau da kullum ba ya tashi sai mota ta cika, kuma yana da gaskiya, domin da kawunan fasinja yake biyan balas, ya sha mai, ya ba ɗan kamasho, ya kai cefane gida. Mai son kama jirgin ƙarfe bakwai kuwa ba zai iya zaman jiran cikon mutum huɗu ba. Idan ya makara sau ɗaya, ya daina shiga bas ɗin har abada. Saboda haka motar da aka ware wa tasha dole ta tashi da agogo, ko ta cika ko ba ta cika ba, kuma hakan ba zai yiwu ba sai gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfani ko ƙungiyar direbobi cewa za a biya su bisa yawan sahu ko kilomitan da suka yi, kuɗin fasinja kuma ya shiga asusu guda. A rubuta a yarjejeniyar cewa duk sahun da aka makara ko aka fasa za a cire wani abu. A kuma ware kuɗin gyara tun ranar farko: taya, birki, man juye, da makanike da aka horar kan irin motar, ba a jira sai ta mutu a fara neman fayil ba.

Jadawalin bas ɗin ya rataya ne a kan na jirgi. A zaɓi wurare uku ko huɗu a cikin gari da kowa ya sani, a auna tsawon tafiyar a lokacin cunkoso, a ƙara minti talatin na binciken kaya da tikiti, sai a ƙirga baya a sami lokacin tashi. Bas ɗin da ta kawo masu tafiya ita za ta tsaya ta kwashi waɗanda suka sauka, don kada ta koma fanko, domin komawa fanko ita ke ninka kuɗin mota. Idan jirgi zai makara, shugaban tasha ya sanar da mai kula da motocin ta waya tun jirgin yana hanya. Wannan ƙaramin abu ne, amma yana buƙatar Hukumar Jiragen Ƙasa ta NRC, wadda ta tarayya ce, ta zauna da ma'aikatar sufuri ta jiha a sa hannu a takarda, kuma a nan ne yawanci magana ke mutuwa.

Masu adaidaita sahu ba abokan gaba ba ne. Bas ba za ta shiga lungu ba, kuma tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013 su ne ƙashin bayan zirga-zirgar birnin. A ba su layinsu daban a tasha, da ƙofar shiga da ta fita, kowa da lambar rajista a jikin abin hawansa, a kafa allo babba mai ɗauke da kuɗin kowace unguwa. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA, da takwararta ta Kaduna su tsaya a kan tsarin layi maimakon farautar tara. A sa fitila mai aiki da hasken rana tun daga dandamalin sauka har bakin titi, a yi rumfa, ban ɗaki, wurin alwala da salla, a kuma yi wa 'yan dako rajista da riga mai lamba. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana jan jaka a cikin duhu ya san waɗannan ba kayan ado ba ne.

Abuja ta riga ta biya kuɗin wannan karatun. An ƙaddamar da jirgin cikin birnin a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai ƙarshen Mayun 2024. Ɗaya daga cikin manyan dalilan da suka hana jama'a shigarsa tun farko shi ne tashoshi da dama babu titin kirki da zai kai mutum gare su, sai da aka bi aka yi hanyoyin daga baya. Legas kuma ta nuna ɗaya fuskar: katin Cowry guda ɗaya mutum ke biyan bas da jirgin ƙasan cikin gari da jirgin ruwa, hukuma ɗaya, LAMATA, ke tsara bas da jirgin ƙasan. Ba sai mun kwafi komai ba, amma babu abin da zai hana mai sayen tikitin jirgi ta intanet, tsarin da aka fara a layin Abuja zuwa Kaduna a Janairun 2021, ya biya kuɗin bas ɗinsa a lokaci guda.

Tun Maris 2023, da aka gyara kundin tsarin mulki aka cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, jihohi ba su da sauran uzurin cewa ba hurumin su ba ne. Sai dai muna ba da shawarar a yi hattara da ɗokin gina sabon jirgin cikin gari na biliyoyi alhali akwai tsohon layi kwance a tsakiyar Kano da Zariya da Kaduna. Gaskiya ne jirgin sabon layi ba zai hau tsohon ba, domin tazarar ƙarafan sabon milimita 1,435 ce, ta tsohon kuma 1,067. Amma hanyar tana nan, kuma fili shi ne mafi tsadar abu a cikin birni. Abin da take buƙata sananne ne: a tashi rumfuna da shagunan da suka ci iyakar layin, a canza ruɓaɓɓun katakan da ƙarfen ke kwance a kai, a zuba sabuwar tsakuwa, a yashe kwalbatoci, a sa shinge da mai gadi a duk inda titin mota ya ratsa dogo, a gina ƙananan dandamali. Jirgi mai taragu huɗu da ke gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, safe da yamma, ya fi ƙarfin kowace mota a lokacin tashi daga kasuwa. Idan aka bar layin wasu shekaru goma, gine-gine za su haɗiye shi, kuma ba za a sake samun irinsa ba.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan jirgin kansa ba abin dogaro ba ne. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgi a ranar 28 ga Maris 2022 an rufe layin Abuja zuwa Kaduna har 5 ga Disamba. Jirgi ya kauce daga layi a Kubwa a Janairun 2023, ya sake kaucewa a Asham a Agustan 2025, kuma rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta NSIB ya nuna yatsa ga rashin gyara da lalacewar na'urar sauya wa jirgi layi a tashar. Layin tilo ne, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tashoshin da aka yi wa reshe, don haka matsala a wuri ɗaya takan tsayar da komai. Yadda irin wannan haɗari ke faruwa ba asiri ba ne. Ƙarfen dogo yana zaune ne a kan gungumen kankare, wasu maƙalai na ƙarfe suka danne shi. Idan ɓarayi suka ɓalle maƙalan suka kai wa 'yan gwangwan, ko ruwan sama ya kwashe tsakuwar ƙarƙashi saboda magudana ta toshe, nauyin jirgi zai tura ƙarafan biyu su buɗe, ƙafar tarago ta faɗa tsakani. Maganinsa ma'aikatan da ke taka layin da ƙafa kullum, kowane rukuni da kilomitocin da aka damƙa masa, a ɗauke su daga ƙauyukan da layin ya ratsa, a riƙa biyansu a kan kari, dagatai da masu unguwanni su san da su. Sai kuma a bi kasuwar tsofaffin ƙarafa, domin maƙalin dogo ba ya kama da komai, duk wanda aka gani da shi ya san abin da ya saya.

Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke yi, nasa sha'anin daban ne. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ribar wannan layi a kaya take fiye da fasinja: hatsi, riɗi, albasa, dabbobi, siminti, taki. Ɗan kasuwar Dawanau ba zai bar tirela ya koma jirgi ba sai ya ga reshen layi na lodi, sikeli, sito mai rufi, da titin da babbar mota za ta juya a kai. Mai shanu yana buƙatar gangaren hawa da sauka da wurin shayarwa. Tashar tsandauri ta Dala, wato tashar lodi da sauke kwantenoni a kan tudu, da ke Zawaciki, unguwar da aka aza harsashin layin Kano zuwa Kaduna a Yulin 2021, ta cancanci a haɗa ta da layukan biyu tun daga farko. A ƙauyuka kuma a duba burtali da hanyoyin gona: duk inda aka toshe wa makiyayi da manomi hanya ba a bar musu mashiga ta ƙarƙashi ba, za su yanke shinge su yi tasu, kuma a nan jirgi zai riƙa banke dabbobi. Jadawalin jirgin fasinja ya bi ranakun kasuwa, ya iso da hantsi ya koma da la'asar.

Ga kuma batun iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Idan ba a yi yarjejeniya ba cewa jami'an kwastan da na shige da fice na ƙasashen biyu za su duba kaya da fasinja sau ɗaya a wuri ɗaya, jirgin zai yini a Jibiya, mai kaya kuma ya koma wa tirelarsa.

Muna kira ga gwamnatocin Kano, Kaduna, Jigawa da Katsina su karɓi taswirar kowace tasha daga ma'aikatar sufuri ta tarayya, su killace filin ajiye motoci da na lodi a gabanta kafin dillalan filaye su yanka shi, su sa titin shiga tasha da kuɗin tafiyar da bas a kasafin baɗi, su kuma buga tsarin a jarida don 'yan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi su tofa albarkacin bakinsu. 'Yan majalisun jihohin nan su nemi ganin waɗannan takardu a zaman kare kasafi.

Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar harkar sufuri,
Kano da Kaduna