Samari Masu Golf Da 206, A Fara Da Birki Kafin Salansa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da ƙannena samari masu ƙananan motocin nan masu guntun baya, su Golf da Peugeot 206 da 307 da tsohuwar Civic, waɗanda yanzu kusan kowace unguwa da an yi la'asar sai ka ji ɗaya ta taso da ƙara kamar za ta tsaga kwalta. Ni ba maƙiyin harkar ba ne, wallahi ina son motocin nan fiye da yadda ake zato, shi ya sa ma abin yake min ciwo in na ga inda yaran ke zuba kuɗinsu.

Mutane da yawa ba su san me ya sa ake ji da irin wannan mota ba. Lokacin da Volkswagen ta fito da Golf GTI ta farko a 1976, injinta lita 1.6 ne kacal mai ƙarfin doki 110, abin da yau ko Corolla ta gidan malam ta fi shi, amma nauyin motar bai wuce kilo 810 ba, to ka ga ƙaramin inji a jiki mara nauyi, ga sifirin mai tauri ga sitiyari mai jin magana, shi ne ya sa take wuce manyan motoci a kwana. Peugeot ma ta biyo da 205 GTI a 1984, daga baya aka yi mai lita 1.9 mai doki 130, kuma 'yar uwarta ta gasa 205 T16 ita ce Ari Vatanen ya ci gasar Paris zuwa Dakar da ita a 1987, zamanin da gasar ke ratsa hamadar Nijar. Sirrin dai rashin nauyi ne da iya riƙe hanya da iya tsayawa. Babu inda ƙara ta shigo cikin lissafin.

To mu kuma fa? Yaro zai sayi Golf 3 'yar Baljiyam mai lita 1.6 doki 75, ko 1.8 doki 90, abu na farko sai ya je kasuwar kayan mota ya sayo tambarin GTI ya manna a baya, na biyu sai wurin mai walda a huda salansa, na uku a cire indomi, wato matatar hayaƙin nan da ke jikin bututun salansa. Ita indomin nan da ake cewa wai tana shaƙe inji, ku sani akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinom da faladiyom, shi ya sa ba a jefar da ita a bola, akwai masu saye, kai ka tafi da hayaƙi mai yaji a ido wani ya tafi da kuɗi. A ƙaramin inji da ba a taɓa komai nasa ba cire ta ba ya ƙara wani gudun da za ka ji a jikinka, sai dai in motar ta ɗan kwana biyu ce mai na'ura a bayan indomin ka ga wutar cek ta kama ta ƙi mutuwa, sai kuma a je wurin rewaya a cire ƙwan fitilar, shi ke nan wai an gyara.

Amma wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji. Ka shiga gareji da mota tana ɗan zafi, kafin ka gama bayani yaron shago ya kwance bututu ya zaro shi da filaya, ɗan abu ne mai sifirin bai kai tafin hannu ba, ya ɗaga ya nuna maka ya ce "Alhaji wannan na ƙasar sanyi ne, ba ya yi a nan", ya wurga shi cikin tiren tsofaffin notuna, sannan a haɗa fanka dairet tana juyawa tun daga kunna makulli. To ai injin nan an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma aikin tamostat shi ne ya kai shi can da wuri ya riƙe shi a can. In babu shi, musamman da safiyar hunturu, ƙwaƙwalwar mota tana ganin inji bai ɗau zafi ba sai ta ci gaba da tura fetur da yawa, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya tsinke, ringi su ci, kai kuma kana ta zagin gidan mai alhali tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Ainihin abin da ya kawo zafin kuma yana nan ba a taɓa shi ba: ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa maimakon ruwan sanyaya inji mai kala, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji.

Sai maganar saukar da mota ƙasa. E, gaskiya ne GTI ta asali ta fi sauran Golf kusa da ƙasa, amma kamfani sifirin da shokazoba ya haɗa masu dacewa da juna, ba giranda ya sa ya yanke zagaye biyu ba. Wanda aka yanke, shokazoba ba ta da sauran wurin motsi, duk ramin da ka faɗa jikin mota ne ke sha, kuma mai Golf 4 ko 5 ya tuna kaskon baƙin mansa na alminiyom ne, tudun rage gudu guda ɗaya ya isa ya fasa shi mai ya tsiyaye kana tafe ba ka sani ba. Haka rim. GTI ta Golf 3 da inci 15 ta zo, kai ka ɗora 18 mai nauyi da taya siririya a titunanmu, motar ta rage tashi, kuma duk wata kana wurin mai miƙe rim.

Akwai kuma masu ɗan ƙarfi da ke sauya inji gaba ɗaya, a sauke 1.6 a ɗora 16V mai doki 150 ko ma VR6 mai lita 2.8 doki 174. Ba laifi ba ne, a Turai ma ana yi. Laifin shi ne a ninka ƙarfi a bar birkin baya na ganga da ƙananan faifan gaba yadda suke, alhali wadda kamfani ya sa wa wannan injin faifai gare ta gaba da baya. Wannan kamar ka hau ingarman doki ne da linzamin jaki.

In da ni za a tambaya, kuɗin farko taya ne. Tsuguna ka duba gefenta bayan inda aka rubuta DOT, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, in ka ga 2316 to mako na 23 na shekarar 2016 aka yi ta, ko da zanenta na nan rangaɗau robar ta bushe, ka murza da farce za ka ga ƙananan tsaga. 'Yan rod sefti sun sha faɗa cewa shekara huɗu ce iyakarta. Bayan taya sai man birki, wanda yake shan danshi daga iska shi ya sa ake cewa a canja shi duk shekara biyu, amma mu sai dai a yi ta ciko har ya koma kalar shayi, ranar da aka yi gudu aka taka da ƙarfi sau uku sai ya tafasa feda ta tafi ƙasa. Sai taimin bel, duk wanda ya sayi 206 GTI ko Golf 16V ta hannu ya canja shi kafin ya sa sitika ko ɗaya, don in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi.

Masu Golf 5 GTI kuwa, wadda ta fito a 2004 da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da doki 200, nasu ya fi tsada. Giyar DSG ɗinta tana son a canja mata mai da tata duk kilomita 60,000 kuma ba kowane man giya ba, injin yana son siririn baƙin mai irin 5W-40 ba 20W-50 na galan a bakin titi ba. Masu zuwa a sa musu kwamfuta a ƙara wa tabo ƙarfi su tuna yawancin waɗannan lissafin don fetur mai oktan 98 aka rubuta su, wato ma'aunin ingancin fetur, namu bai kai nan ba, ga zafin watan Afrilu, in inji ya fara ƙwanƙwasa ba ya sallama kafin ya huda fistin.

Game da tuƙi, motocin nan da tayoyin gaba suke ja, in ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka saki totur farat ɗaya baya na iya juyowa, 205 GTI ta yi suna a kan wannan hali. Ba a koyon irin wannan a titin unguwa ko a ayarin kai amarya inda yara ke tsaye bakin kwata suna kallo, kuma kowa a garuruwanmu ya san gidan da wasan motar biki ya mayar da shi zaman makoki. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a cikin gari, 100 a babbar hanya mai tagwaye.

Sai dai kamu da tara kaɗai ba za su raba matashi da son gudu ba. Muna da filin sukuwa da na folo a Kano da Kaduna da Katsina, kuma bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe da haɗawa da tseren motoci, ke nan abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ina roƙon gwamnatocin jihohi da masu hali su ware fili a bayan gari, ko da na jar ƙasa ne, a kewaye shi da tsofaffin tayoyi, a sa ranar Asabar, a ajiye motar asibiti, duk mai shiga ya sa hular kwano da bel, kuma kafin a buɗe masa ƙofa bakanike ya duba birkinsa da shekarun tayarsa, wanda bai cika ba ya koma gareji sai wani satin.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai tsohuwar Golf, daga Kaduna.