Rajistar da ta ɓace ranar jajibiri

Zariya, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da kuma sanyin Faransa. Mu nan Zariya sai godiya, Inna kullum sai ta tambaye ka.

Ka yi mini uzuri da shirun nan, wata matsala ce ta hana ni barci tun babbar salla. Ka san manhajar aika kuɗin da nake kula da ita. Ranar jajibiri jama'a suka yi ca a kanta, kowa na tura kuɗin rago, har saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ta fara nishi. Bayan salla sai ga wani dattijo mai sayar da wake ya zo ofis, rasit ɗinsa a naɗe cikin leda, ya ce kuɗin da ya aika wa ɗansa ba su isa ba. Na buɗe fayil ɗin rajista, inda manhajar ke rubuta duk abin da ya gudana, in bi sawu. Daga ƙarfe 11 zuwa 1 na rana babu ko layi ɗaya na cinikinsa. Yana tsaye yana kallona, ni kuwa ba ni da abin nuna masa.

Da farko na zargi ɗaukewar wuta, sannan faifai, ko ya cika. Duk lafiya lau. Abin da ya fi damuna shi ne na ɗora wa yaron da ke koyon aiki wurina laifi, na ce shi ya goge. Ya rantse, ban saurare shi ba.

Sai a dare na uku na lura da wani abu. Awannin nan biyu ba wayam suke ba, akwai layukan WARN (gargaɗi) da ERROR (kuskure) jefi-jefi, na INFO (bayanan yau da kullum) ne kaɗai suka yi ɓatan dabo. Mai gogewa ba ya tsince haka. Ashe Logback ne da kansa, wato kayan aikin da ke rubuta mana rajistar. Wani sashensa mai suna AsyncAppender yana tara saƙonni a layin jira mai gurbi 256 kafin a rubuta su, kuma da zarar layin ya cika kashi 80 cikin 100, sai ya riƙa zubar da saƙonni masu ƙarancin muhimmanci, wato TRACE da DEBUG da INFO, shiru, ba ko gargaɗi. Haka aka ƙera shi, don kada rubuta rajista ya tsayar da aiki. Mu kuma duk bayanin ciniki a INFO muka sa shi.

Na mai da discardingThreshold, wato ma'aunin fara zubar da saƙonni, sifili don ya daina zubarwa, na faɗaɗa layin zuwa gurbi 8192. Amma yanzu in ya cika, manhajar ce za ta tsaya jira, kuma ban yarda bayanin kuɗin mutane ya dogara da rajista irin wannan ba. Ina so in raba shi, ya riƙa shiga rumbun bayanai kai tsaye. Ku a can yaya kuke yi in lodi ya yi yawa? Don Allah ka rubuto mini dalla-dalla.

Kuɗin dattijon an same su, sun maƙale ne a ɗaya ɓangaren, wato na mai karɓa. Yaron kuwa, har gidansu na je bayan magariba na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa.

Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum.