Godiya ga Mai Garejin Gyaran Lagireto na Potiskum da Yaransa

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ku tare da yaran gareji baki ɗaya, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma zafi.

Ni ne mai farar Corolla ɗin nan da ya shigo muku ana gab da la'asar a watan Afrilu, tururi na tashi daga bonet, mahaifiyata tana kujerar baya. Daga Kano muka taso za mu Damaturu sunan jikarta. Na yi muku godiya a ranar, amma ta baki ce, kuma cikin sauri. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta a fili, don masu bin wannan hanya su san akwai inda ake aiki da gaskiya.

Da sassafe muka bar gida, motar lafiya lau har muka wuce Wudil. Bayan Azare ne rana ta take, na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa a hankali. Ma'aunin da ke gabana ya nuna zafin waje digiri 43. Na kashe esi, allurar ta ɗan sauka. Na kunna saboda Hajiya, ta koma sama. Da muka shiga cunkoson manyan motoci a bakin garin Potiskum sai ta kai ja. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a watan Janairu na bi wannan hanya da wannan mota, da kaya fiye da na ranar, allurar ko motsi ba ta yi ba.

Abu na farko da kuka yi shi ne riƙe hannuna. Na kai shi kan murfin lagireto ke nan kuka ce, "Ɗana, bari. Wannan ruwan zai saɓule maka fatar fuska." Kuka sa aka shimfiɗa wa Hajiya tabarma a gindin darbejiya, ƙaramin yaronku ya ruga ya kawo mata ruwan sanyi, kuka kuma hana wani bawan Allah da ya taho da bokiti zai sheƙa wa injin. Kun ce ƙarfen da ya yi zafi haka, in aka watsa masa ruwan sanyi farat ɗaya, yana iya tsagewa ko kan injin ya lanƙwashe, gyaran kuɗi kaɗan ya koma na sauke inji. Sai da muka yi sallah muka dawo sannan kuka naɗe murfin da tsumma kuka buɗe.

Da na faɗa muku zancen Janairu ba ku yi mamaki ba. Kun ce motar ba ta canja ba, iskar ce ta canja. Bayanin da kuka yi a tsaye, hannu duk baƙin mai, na daɗe ina juya shi, har na zauna na yi lissafinsa da alƙalami kamar yadda nake yi wa ɗalibaina. Inji yana son ruwansa ya tsaya wajen digiri 90. Lagireto ba ya ƙirƙiro sanyi, zafin ruwan yake miƙa wa iskar da ke ratsa shi, kuma yawan abin da zai iya miƙawa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar. Da safiyar hunturu, iska tana digiri 15, tazarar 75 ce. A ranar da na zo muku 47 ce kacal. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin lagireton ya tafi tun kafin a taɓa komai. Ga kuma kwandensar esi, wato abin da ke fitar da zafin esi waje, da ke zaune a gabansa, ita take fara ɗumama iskar kafin ta iso shi. A kan gudu iskar hanya tana taimakawa. A cunkoso kuwa fanka ce kaɗai ta rage. Masu ƙera mota sun bar rara saboda irin wannan rana, lafiyayyar mota tana jure zafin bazara. Tawa ce ta cinye rararta tun tuni, sanyin hunturu ya yi ta rufa mata asiri.

Kuka bi laifuffukan ɗaya bayan ɗaya kuna nuna mini, ba ku ce in je in zauna ba. Kun haska fitila ta bayan lagireton, hasken bai fito ta gaba ba sai nan da can: ƙurar hunturu, ƙwari da ɓurɓushin ciyawa sun like tsakaninsa da kwandensa kamar an yi yaɓe. Ruwan da kuka zubar ja ne jawur, kalar tsatsa, domin shekara biyu ruwan rijiyar burtsatse nake ɗura masa. Da aka buɗe tankin sama na ga bakin bututun da idona, da yawa sun toshe da farin dasashi irin wanda ke taruwa a gindin buta. Yaronku babba ya zauna da siririn ƙarfe yana bin su ɗaya-ɗaya, bai tsallake ko guda ba, na tsaya a kansa na gani.

Murfin ne ya fi ba ni mamaki. Robarsa ta tsattsage, ni kuwa ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ashe shi ke riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. In ya mutu, ruwan ya riƙa tafasa da wuri yana guduwa, tururi kuma ba ya ɗauke zafi kamar ruwa.

Sai maganar tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya ɗumama. Wani makaniki a garinmu ya cire mini shi tun lokacin da na sayi motar, ya ce na ƙasar Turawa ne, mu nan ba mu da ƙanƙara. Kusan kowa haka yake ji, ni ma na yarda. Ku kuwa ba ku yi gardama ba, kuka aika aka karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayi, kuka jefa sabo a ciki. Ina kallo bakinsa ya buɗe a hankali, da aka tsamo shi ya huce ya rufe. Kuka nuna mini lambar 82 da ke jikinsa, kuka ce daga nan yake fara buɗewa, don haka a zafin Afrilu a buɗe yake, bai tare wa kowa hanya ba. Cire shi kuma a irin wannan inji yana barin wata 'yar hanya a buɗe, wani ruwan ya riƙa zagayawa cikin injin bai je lagireto ba. Da hunturu ne ma ɓarnar ta fi yawa, inji ya yi ta tafiya bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa. Na tuna yadda nake ƙorafin shan mai duk Disamba ina ɗora wa gidajen mai laifi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Baba, shi ne wannan: ni baƙo ne, da tsohuwa a mota, rana tana faɗuwa. Da kun ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, sai an buɗe kan inji, ko kun ce lagireton ya mutu sai sabo, wallahi da na biya ban ce uffan ba. Kun duba bakin mai, kun duba ko ruwan yana kumfa, kuka ce Allah ya tsare, gasket lafiya yake. Kuɗin murfi, tamostat, kulant (ruwan lagireto na musamman) da na aikin hannu kawai kuka karɓa, kuka kuma zuba tsofaffin kayan a leda kuka miƙo mini.

Mun kwana a Potiskum bisa shawararku, muka kama hanya bayan asuba da sauran sanyi. A dawowa da gangan na biyo tsakar rana, esi a kunne tun daga Damaturu har Kano, allurar tana tsakiya ba ta gusa ba. Yanzu duk ƙarshen hunturu zan sa a wanke mini gaban lagireto kafin zafi ya shigo, kamar yadda kuka ce, kuma na daina zuba masa ruwan da na ga dama.

Hajiya ta ce in gaishe ku, ta ce a gaida yaron da ya kawo mata ruwa, har yau tana sa masa albarka. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci sana'a da zuri'a, ya sa yaran nan su gaji hannunku da halinku. In Allah ya kai mu wata tafiyar zan tsaya mu gaisa, ko motar ba ta da komai.

Naku,
Malamin makaranta daga Kano.