Ihun "yooo" da ke bidiyoyin barkwanci daga Japan yake

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili kan wani sauti da ya cika wayoyin 'ya'yanmu: ihun nan mai ja, "yooo", sai ganga ta ce "pon". Masu bidiyon barkwanci a TikTok na liƙa shi duk sanda wani ya faɗi ko ya sha kunya, kuma na ji yara na cewa kiɗan 'yan Sin ne. Na Japan ne, daga wasannin dandamali na Noh da Kabuki.

Makaɗan ne ke yin ihun, don su daidaita bugu da junansu, tunda ba mai tsayawa gabansu yana ba da umarni. Gangar kuwa sunanta kotsuzumi, ana ɗora ta a kafaɗar dama. Siririyar tsakiya gare ta, da igiyoyi da makaɗi ke matsewa ya sauya mata murya, kamar dai kalangunmu. Fatar doki ake sa mata, kuma danshi take so, shi ya sa za ka ga makaɗin na hura mata numfashi ana tsakiyar wasa. Babbar yayarta, otsuzumi, sai an gasa fatarta a garwashi kafin a fara.

Akwai kuma hyoshigi, katako biyu da ake gwarawa lokacin buɗe labule, waɗanda ake ji a kokawar sumo ma.

Noh ya kafu tun ƙarni na 14. Ni dai abin na min ciwo a ce amfanin sautin nan a wurinmu bai wuce raka wanda santsi ya kwasa ba. Don Allah shafinku na nishaɗi ya yi mana cikakken bayani a kai.

Naku,
Mai karatu daga Zariya