Godiya Ga Ma'aikatan Gidan Makama, Daga Baƙinku Na Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga shugaba da dukan ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama, Kano. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma sanyin bana. Na ga ya dace in rubuto muku a fili, inda kowa zai gani, domin ranar da muka yi sallama a tsaitsaye na yi godiya, yara na ja na, mai adaidaita sahu na jira, ban faɗi ko rabin abin da ke raina ba. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

Ni malamar makaranta ce a Jos. Mu biyar muka zo muku a hutun ƙarshen shekara: ni da maigidana, yaranmu biyu, sai mahaifina wanda ya haura shekara tamanin. Baba haifaffen cikin birni ne, ɗan marini. Yana da shekara tara aka tafi da shi Jos, lokacin da haƙar kuza ke jan mutane zuwa can da kasuwancinsu. Tun daga nan ya sha zuwa Kano, amma zuwan sari ne ko na ta'aziyya, a sauka Kantin Kwari, a gama, a juya. Bai taɓa zuwa don ya kalli garin da aka yanke masa cibiya ba. Da ƙafa ta fara yi masa nauyi sai na ce a raina, in ba mu kai shi bana ba, ban san yaushe ba.

Mun biyo ta Saminaka, muka ratsa dajin Falgore, muka fito Kwanar Ɗangora. Muna wuce Kura Baba ya gyara zama, ya ce wa yara nan ne garin da ake yin baƙin yadi mai ƙyalli wanda Buzaye ke naɗawa. Daren farko bai yi mana daɗi ba, don masaukin da muka biya tun daga gida mun tarar an ba wasu ɗakunanmu, sai bayan isha'i muka sami wani wurin. Da gajiya da ɓacin rai muka iso ƙofarku da safiyar Laraba.

A hannuna akwai takarda. Na yi mako biyu ina haɗa ta daga intanet, na jera wurare tara, duk a yini ɗaya, har da ƙarfe nawa za mu isa kowanne. Malamin da aka haɗa mu da shi don ya zagaya da mu ya hango ta, ya ce, "Malama, ko zan gani?" Ya karanta har ƙasa, ya dubi Baba da sandarsa, ya ce, "Wannan ai aikin kwana uku ne, kuma kwana ukun kuke da shi. Bari mu gama da nan, sai in gyara miki." Kafin mu motsa, mai gadi ya riga ya kawo kujera ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Wani matashi cikin ma'aikatanku ne ya riƙa ɗaukar kujerar nan daga ɗaki zuwa ɗaki har muka gama. Ban san sunansa ba, amma Allah Ya san shi.

Daga ginin kansa aka fara mana. Ni da nake koyar da yara, na san sunan Muhammadu Rumfa da shekarun sarautarsa, 1463 zuwa 1499, amma ban taɓa tsayawa a ƙarƙashin rufin gidan da ya zauna yana Makama ba, kafin ya gina fadar da ke kallonku a tsallaken titi. Malamin ya sa yara suka ɗaga kai. Ya nuna musu bakan gizo, yadda yake tashi daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, ya nuna musu azara jere, ya ce daga giginya ake tsago ta, shi ya sa gara ba ta cika yi mata ɓarna ba. Ya ce wa ɗana ya dafa bangon. Yaron ya dafa, ya ce akwai sanyi. Ya ce masa, to ka dawo da bazara, haka za ka same shi, kaurin tubali ne ke tare zafi. Yaron da ya tashi cikin gidan bulo da kwano, ranar ya fara sanin cewa ginin ƙasa ilimi ne, ba talauci ba.

Sai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Na daɗe a gabansu. Ƙarfe ne aka ƙera falle-falle aka haɗa da ƙusoshi, kowace ƙusa da sawun gudumar maƙeri a kanta. A nan ya ba mu labarin ganuwa tun daga Sarki Gijimasu da ya fara ta a ƙarni na 12, da yadda aka riƙa faɗaɗa ta, da sarakunan ƙofa masu rufewa in dare ya yi. Ya kawo mu har watan Fabrairu na 1903, ranar da sojojin Turawa suka shigo ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana can ya tafi Sakkwato. Ya ce bayan nan wannan gida da muke tsaye a ciki har ofishin Turawan ya zama na wani lokaci. Abin da ya burge ni, bai yi mana hadda ba. In yaro ya katse shi da tambaya sai ya tsaya ya amsa, in tambayar ta kai shi wani ɗaki sai mu bi ta.

'Yata kuwa a ɗakin amarya ta maƙale. Jeren ƙore da tasoshi da faya-fayi ta tsaya tana ƙirgawa, tana tambaya wai duk na mace ɗaya ne. Wata 'yar'uwa cikin ma'aikatanku ta zo ta riƙe hannunta, ta riƙa gaya mata sunan kowane abu da amfaninsa, kamar uwa da 'yarta. Ɗana shi ma sai da aka janye shi daga wajen sulke da kwalkwali da lifidi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ga shi. Da maganar sana'o'in Kano ta kawo mu kan rini da baba, wato ganyen da ake samun shuni daga gare shi, malamin yana bayani, sai Baba ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa ya ce, "Ɗana, ba a zuba baba sai ruwan toka ya kwanta." Na ji kunya, na zaci gyaran zai ɓata wa mutumin rai a gaban baƙi. Sai ya juyo gaba ɗaya, ya durƙusa a gaban Baba, ya ce, "Baba, ashe da mai abin muke tafe. Don Allah a ƙara mana." Ya zaro biro da ɗan littafi daga aljihu.

Baba mutum ne mai ƙarancin magana. A gida sai ya yini bai yi jimla goma ba. Ranar ya yi fiye da rabin awa yana zuba. Ya faɗi yadda ake tara toka a tace, yadda ake barin ruwan karofi ya yi kwanaki ana motsa shi da muciya har ya nuna, yadda marini ke gane ya nuna ta kumfarsa da warinsa, da yadda ake kwashe katsi daga gindin rami a ƙona shi a sake amfani da shi. Ya faɗi yadda mahaifinsa ke dawowa gida hannuwansa shuɗi har gwiwa, ko Sallah ba ta wanke su. Wasu baƙi biyu da suka shigo bayanmu suka tsaya suna saurare. Malamin yana rubutawa, yana tambaya. Da suka zo kan laso, abin da ake shafe cikin ramin da shi don kada ya tsotse ruwa, Baba ya ce abu uku ake haɗawa: katsi, da gashin da ake kankarowa daga fata a majema, da wani na uku. Na ukun ya ɓace masa. Ya yi ta murza goshi. Malamin ya ce, "Kada Baba ya damu, zai dawo. In ya dawo a aiko mana."

Ina da yaƙinin mutumin nan ya san amsar. Ya bar wa Baba ne. Na shekara ashirin ina koyarwa, na san wuyar malami ya yi shiru alhali yana da abin faɗa.

Da muka fito tsakar gida ya karɓi takardata ya juya bayanta. Ya ce Kurmi tana kusa, mu shiga yau bayan azahar, amma mu ajiye mota, lungunan ba na mota ba ne. Dala a hau ta da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, kuma Baba ya jira a ƙasa. Daga Dala a wuce Ƙofar Mata da hantsi, lokacin da marina ke kan aiki. Ranar Juma'a kada mu sa komai kusa da fada da babban masallaci sai sallar kanta, don hanya cushewa take yi. Wurare uku ya soke gaba ɗaya, ya ce a bar wa wani zuwan. Ya gaya mana kimanin abin da ya kamata mu ba mai adaidaita daga wuri zuwa wuri, don kada a gane baƙunci a bakinmu.

Haka muka bi, kuma ko ɗaya bai saɓa ba.

Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take, mun shiga ta muka ɓace sau biyu, kowane karo wani ɗan kasuwa ya sa yaronsa ya fito da mu. Mun ratsa layin dukawa da warin jima, da masu kayan doki, sirdi da linzami da likkafa a rataye, da masu turaren wuta. Na sayi takalmin fata da ƙwarya mai zane. A bakin kasuwa muka ci gurasa bandashe, an yayyafa mata ruwa, an barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli da yaji, ga man gyaɗa da albasa. Baba ya cinye tasa tas, shi da muke fama da shi kan abinci.

Dala mun hau ta Alhamis bayan asuba, ni da yara. Hazo ya rufe gari, sai hasumiyoyin masallaci da Goron Dutse ke leƙowa ta cikinsa, ga hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi daga lunguna. Yaran da kansu suka riƙa maimaita abin da suka ji jiya, Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda a shekarar 999. Da mun fara zuwa nan kamar yadda na tsara, da dutse kawai za su hau su ɗauki hoto su sauko.

Ƙofar Mata kuwa, marinar da aka kafa tun 1498, ban san yadda zan kwatanta abin da na gani a fuskar Baba ba. Ramuka da yawa sun bushe, kaɗan ne ke aiki. Ya zauna a bakin ɗaya kusa da wani dattijo marini, suka gaisa kamar sun san juna. Dattijon ya tsoma farin yadi, ya ɗago shi kore-kore, yana shan iska yana rikiɗa yana komawa shuɗi a kan idonmu, ya sake mayarwa. 'Yata ta ce sihiri ne. Baba ya ce ba sihiri, iska ce ke ƙarasa aikin, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagawa, gwargwadon yawan tsomi gwargwadon duhun launi. Ya naɗe hannun rigarsa ya roƙi a ba shi ya gwada. Daga can gefe muna jin mabuga suna dukan yadi a kan gungume, bugun yana tafiya a jere kamar kiɗa. Kwana huɗu shunin nan ya yi a farcen Baba, ya hana a goge masa.

Da yamma muka leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ni dai a matsayina na malama na so in ga inda abin ya faro. Juma'a muka yi salla, Asabar muka kama hanya.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, ganuwa. A wurare da dama ta zube ta koma tudu, wani wajen an ɗebi ƙasarta, wani wajen gini ya shige ta. Wanda ya ga ƙyamaren nan a wajenku, ya fito ya ga bangon da aka yi su dominsa, dole zuciyarsa ta sosu. Ina roƙon hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da gwamnati, da masu hali na Kano, su ƙara wa irinku ƙarfi, don na ga da idona abin da kuke yi da abin da ke hannunku.

Ga duk mai shirin zuwa Kano na kwana biyu ko uku, musamman mai tafe da yara ko tsoho, shawarata ya fara da Gidan Makama da safe, ya kuma nuna musu tsarinsa kafin ya kama yawo. Ni ma na riga na yi magana da shugabar makarantarmu kan mu kawo ɗalibai zango mai zuwa, in Allah Ya yarda, kuma bayan takardar nan da malaminku ya rubuta shi zan bi.

Saura saƙon Baba. A hanyarmu ta komawa, mun wuce Tudun Wada kowa ya yi shiru, yara sun yi barci, sai ya buga cinyarsa ya ce, "Dafara!" Maigidana har sai da ya taka birki. Baba ya ce in tabbatar na sanar da ɗansa na Gidan Makama: na ukun dafara ce, ita ke ba laso danƙo. Don Allah a isar masa, a ce Baba na gaishe shi, yana sa masa albarka, shi da yaron kujera da mai gadi da 'yar'uwar da ta riƙe hannun jikarsa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara ɗaukaka, Ya yi wa zuriyarku albarka.

Wassalam.

Taku,
wata malamar makaranta daga Jos, a madadin mahaifinta da iyalinta.